Yadda Itatuwa Suka Koma Gonakin Maraɗi Da Damagaram

 A yau shirin namu zai waiwayi tarihi ne. Za mu nufi kudancin Jamhuriyar Nijar, wato jihohin Maraɗi da Damagaram, domin mu ji yadda itatuwa suka ɓace daga gonaki, da yadda ɓacewar tasu ta taɓa rumbu da tukunyar miya, da kuma yadda manoma suka dawo da su, akasari ba tare da sun dasa ko da ƙwara ɗaya ba. Sai a gyara zama.

Duk Bahaushen da ke zaune a wata ƙasa, ko a unguwar Nima ta birnin Accra, ko a zangon Kumasi, ko a Jidda, ko a London, ya san irin tsarabar da akan roƙi mai zuwa daga gida ya riƙo. Ba ta wuce garin kuka, da daddawa, da tsamiya, wani lokaci har da goruba saboda yara. To amma ba kasafai mukan tuna cewa waɗannan abubuwa a jikin itace suke fitowa ba, kuma yawancin itatuwan a tsakiyar gonakin gero da dawa suke tsaye, ba a cikin wani dajin Allah ba. Ke nan ranar da aka rasa itace a gona, a ranar aka fara rasa miya.

A zamanin da, manomin wannan yanki bai san gona fayau ba. Idan ya yi sassabe yakan bar itatuwan da ya san amfaninsu. Kuka tana ba shi ganyen miya da garin 'ya'yanta. Aduwa tana ba shi 'ya'yan sha, da man da ake tatsa daga ƙwallonta. Magarya ana dakanta a yi akuri. Ga kanya da ɗanya da tsamiya, ga goruba da ake saƙa tabarma da igiya da kabarta. Akwai kuma anza, wadda 'ya'yanta ke da ɗaci ƙwarai, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sake ruwa kafin su ciwu. Ita ce abincin ranar wuya. A lokacin yunwar shekarar 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa suka laƙaba wa suna Kakalaba, irin waɗannan 'ya'yan itatuwa da ganyaye ne suka riƙe ran jama'a da dama bayan da rumbuna suka ƙare.

Sai dai a cikin itatuwan gona duka babu kamar gawo. Tarihin baka na Damagaram yana cewa Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki a ƙarni na 19 ya kuma rasu a shekarar 1884, ya kafa doka mai tsanani a kan saran gawo, har ma akan ce wanda ya sare shi yana iya rasa ransa. Ko mene ne ya sa sarki zai tsaya wa itace haka?

Amsar tana cikin ɗabi'ar gawon kansa, wanda masana ilmin tsirrai ke kira Faidherbia albida. Shi gawo saɓanin sauran itatuwa yake. Da zarar damina ta kama sai ya zubar da ganyensa, ya tsaya tsirara, saboda haka ba ya tare wa gero hasken rana, ba ya kuma yin takarar ruwa da shi sosai a lokacin da shuka ke buƙata. Idan ruwa ya ɗauke, sauran itatuwa suka fara kaɗe, a sa'an nan ne shi kuma yake fid da sabon ganye, domin saiwarsa kan nutsa ƙasa ƙwarai har ta tarar da damshi. Kazalika a jikin saiwoyinsa akwai wasu ƙananan ƙulle-ƙulle, inda ƙwayoyin bakteriya ke zaune suna zuƙo sinadarin naitrojin daga iska, wato sinadarin nan da manomi ke saye da tsada a cikin buhun takin zamani. Ganyen da ya zuba a farkon damina yakan ruɓe ya koma taki. Da rani kuwa dabbobi kan taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, suna barin kashinsu a wurin. Shi ya sa idan ka shiga gona da damina za ka ga geron da ke gindin gawo ya fi na nesa da shi tsawo da duhun ganye. Manoma sun san wannan tun kafin a auna shi a ɗakin bincike.

To, yaya aka yi wannan tsari ya wargaje? Masana tarihi kan ambaci dalilai uku.

Na farko shi ne doka. A shekarar 1935 Turawan mulkin mallaka na Faransa suka fito da dokar gandun daji ga ƙasashen da ke hannunsu a Afirka ta Yamma, wadda ta sa dazuzzuka da wasu nau'o'in itatuwa a ƙarƙashin ikon hukuma. Bayan Nijar ta sami 'yancin kai a shekarar 1960 ba a sauya wannan tunani ba, domin dokar gandun daji ta shekarar 1974 a kan turbar ta farko ta tafi. Manufar dai ita ce kare itatuwa, amma abin da ya biyo baya akasin haka ne. Manomi ya wayi gari gawon da ke cikin gonarsa ba nasa ba ne. Idan ya sare reshe jami'an gandun daji na iya cin sa tara. Idan wani ya zo da dare ya sare, shi mai gonar za a fara tuhuma. Saboda haka da yawa suka ga cewa mafi sauƙi shi ne su cire duk wani tsiron itace tun yana ƙarami, kafin ya girma ya jawo musu fitina.

Na biyu shi ne gyaɗa. Tun bayan da jirgin ƙasa ya isa Kano a shekarar 1911, kasuwar gyaɗa ta buɗe a ƙasar Hausa, kuma Faransawa suka matsa wa manoman Maraɗi da Damagaram su noma ta domin samun kuɗin biyan haraji. Har zuwa farkon shekarun 1970 gyaɗa ce kan gaba a cikin kayayyakin da Nijar ke sayarwa a ƙetare, kafin ma'adinin yuraniyom ya karɓe wannan matsayi. Malaman gona na wancan lokaci sun riƙa koya wa jama'a cewa manomin kirki shi ne mai gona tas, wadda aka tumɓuke kututturanta, yadda garmar shanu za ta ratsa ba tare da cikas ba.

Na uku shi ne yawan jama'a. A shekarar 1960 al'ummar Nijar ba ta wuce miliyan 3 da ɗoriya ba. Da jama'a suka ƙaru sai aka daina barin gona ta huta, aka shiga share dazuzzuka, garuruwa kuma suka riƙa cinye itacen girki na ƙauyukan da ke kewaye da su.

Ana cikin wannan hali sai fari ya zo. Daga shekarar 1968 zuwa 1974 ruwan sama ya yi ƙaranci a duk yankin Sahel, dabbobi suka mutu, mutane suka yi hijira. Lamarin ya kai har ga siyasa, domin a watan Afrilun 1974 sojoji a ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma batun rabon abincin agaji yana cikin dalilan da suka bayar. Bayan shekaru 10, wato a 1984, wani farin ya sake afkuwa. Mutanen Nijar kan kira wannan yunwa El-Buhari, saboda ta zo daidai da lokacin da gwamnatin soja ta Najeriya ta rufe kan iyakokinta. A wannan karo abin ya yi muni ta fuska biyu: hatsi bai yi ba, kuma itatuwan da kakanni ke komawa gare su a ranar wuya sun yi ƙaranci. Iska kan taso ba abin da zai tare ta, ta binne shuka da rairayi, har manomi ya yi shuka sau uku ko huɗu a damina ɗaya. Mata kuwa sukan yi tafiyar sa'o'i neman itace, in ba su samu ba su girka da kara da kashin shanu, abubuwan da ya kamata a bar wa gona su zama taki.

Gwamnati da ƙungiyoyin agaji ba su zauna ba. An kashe kuɗi masu yawa wajen renon dashe da shuka itatuwa irin su darbejiya da turare. A watan Mayun 1984 har an yi babban taron ƙasa a birnin Maraɗi a kan yaƙi da hamada. Wasu ayyukan sun yi nasara, alal misali layukan darbejiya da aka fara dasawa a kwarin Majiya na jihar Tawa a shekarar 1975 domin tare iska. Amma a wurare da dama yawancin dashen ya mutu, ko dai saboda ƙishirwa, ko gara, ko awaki, ko kuma don ba wanda ya ɗauke shi a matsayin nasa.

Ɗaya daga cikin masu wannan aiki shi ne wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya zo Maraɗi a farkon shekarun 1980 tare da ƙungiyar mishan ta SIM. Kamar yadda shi kansa ya sha bayarwa, wata rana a shekarar 1983 yana ɗauke da dashe a mota, sai ya tsaya domin ya rage iskar tayoyi saboda rairayi. A nan ne ya dubi wani ɗan tsiro a bakin hanya da kyau, irin wanda kowa ke ɗauka ciyawa ce ko ƙaramin kurmi. Da ya lura da ganyen sai ya ga ashe itace ne da aka sare, kututturensa yana raye a ƙasa, yana toho kowace shekara, ana kuma sare tohon a lokacin sassabe. Ashe dajin da ake kukan ya ɓace yana nan kwance a ƙarƙashin gonaki, da saiwoyinsa da komai.

Daga nan aka sami dabarar da manoman yankin ke kira sassabin zamani. Ga yadda take. Idan manomi ya zo share gona, maimakon ya sare tohon duka ya ƙone, sai ya zaɓi kututturan da yake so, ko na gawo, ko kalgo, ko sabara, ko aduwa. A kan kowane kututture sai ya bar rassa masu ƙarfi waɗanda suka miƙe, daga ɗaya zuwa biyar, ya datse sauran, ya kuma rage ƙananan rassan da ke gefe. Da yake tsohuwar saiwa ce mai zurfi ke ciyar da su, sukan yi saurin girma fiye da dashe, ba sa kuma buƙatar ban ruwa. Kayan aikin ba su wuce gatari ko adda ba. Masu iya magana dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani, domin a haƙiƙa wannan ba baƙon ilmi ba ne, abin da kakanni suka sani ne aka sake tono shi.

Da farko manoma kimanin 10 ne kawai suka yarda su gwada, kuma sun sha dariya, ana ce musu ƙazaman manoma. Wasu ma an sace musu itatuwan da dare. Da yunwar 1984 ta zo sai aka haɗa aikin da rabon abinci: duk wanda zai karɓi hatsi sai ya bar itatuwa a gonarsa. Ta haka aka raya itatuwa kusan 500,000 a ƙauyuka kusan 100. Amma da aka daina rabon, sai jama'a suka sare kimanin kashi biyu cikin uku na itatuwan. Wannan darasi ne babba, wato itacen da aka raya don tsoron hukuma ko don kwaɗayin agaji ba ya daɗewa. Sai dai waɗanda suka bar nasu sun ga bambanci. Iska ta daina binne musu shuka, sun sami itacen girki a kusa, sun sami abincin dabbobi, gero kuma bai ragu ba. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. A jihar Damagaram ma, musamman a yankunan Magarya da Matamai da Mirya, manoma da dama sun koma raya gawo bisa raɗin kansu, ba tare da wata ƙungiya ta zo musu ba.

Wani abin da ya taimaka shi ne sassaucin da aka samu ta fuskar doka. Faɗuwar farashin yuraniyom a shekarun 1980 ta raunana aljihun gwamnati, jami'an gandun daji suka rage shiga ƙauyuka, manoma suka fara ɗaukar itacen gona a matsayin dukiyarsu. Daga bisani dokar ƙasar noma ta shekarar 1993 da dokar gandun daji ta 2004 suka ƙara wa jama'ar karkara iko, sa'an nan a shekarar 2020 gwamnati ta fito da wata doka ta musamman da ta amince cewa wanda ya raya itace a gonarsa shi ke da hakkin cin moriyarsa. A wasu ƙauyuka, kamar Ɗan Saga da ke yankin Agye, jama'a sun kafa kwamitocin tsaron itatuwa da suka haɗa da mata da Fulani makiyaya, suka kuma tsara wa kansu tarar da za a ci duk wanda ya yi sara ba izini.

Abin mamaki shi ne an shafe kusan shekaru 20 duniya ba ta san girman abin da ke faruwa ba. Sai a tsakiyar shekarun 2000 ne wasu masu bincike, cikinsu har da Mahamane Larwanou na Nijar, da Chris Reij na ƙasar Holan, da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, suka kwatanta hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a shekarar 1975 da sabbin hotunan jirgi da na tauraron ɗan Adam. Suka tarar cewa ƙauyukan da a da suke fili fetal yanzu sun cika da itatuwa, alhali jama'arsu ta ninka. Ƙiyasin da suka bayar shi ne gonaki kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa kusan miliyan 200. A wani rahoto na shekarar 2009 an ƙiyasta cewa hakan na ƙara wa ƙasar hatsi kimanin tan 500,000 a kowace shekara, abin da zai ciyar da mutane miliyan 2 da rabi. Gaskiya ne ruwan sama ya ɗan ƙaru tun daga shekarun 1990, kuma ya taimaka. Amma masu binciken sun lura cewa inda manoma ba su raya kututture ba, itatuwan ba su dawo haka ba, ko da kuwa ruwan iri ɗaya ne. A shekarar 2018 an ba Tony Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, tare da Yacouba Sawadogo, manomin nan na Burkina Faso da ya farfaɗo da ƙeƙasasshiyar ƙasa ta hanyar haƙa ramuka yana zuba taki, wanda ya rasu a shekarar 2023.

To, mu koma kan tukunya, inda muka faro. Dawowar itatuwa ta fi tasiri a wajen mata, domin su ne masu neman itace, su ne kuma masu tsinko ganye da 'ya'yan itatuwa su sarrafa su kai kasuwa. A yankin Mirya ganyen kuka ya zama haja, ana shanya shi ana cika buhuna. Binciken masana abinci ya nuna cewa ganyen kuka na ɗauke da sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi da kuma sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, garin 'ya'yanta kuwa na da bitamin C mai yawa. A shekarar 2008 Tarayyar Turai ta amince a riƙa sayar da garin 'ya'yan kuka a kasuwanninta, don haka masu sauraronmu na Turai kan gan shi a shagunan abincin lafiya cikin ƙananan leda da tsadar gaske. Abin da ake yi wa kallon cimar talaka a gida, shi ne wasu ke nema ido rufe a waje.

Sai dai kada a ɗauka cewa itace ya kawar da yunwa. Bayan ƙarancin ruwa da farmakin fara na shekarar 2004, Nijar ta faɗa cikin matsalar abinci a 2005, kuma jihar Maraɗi na cikin inda abin ya fi tsanani. Hatsi yana kasuwa amma farashinsa ya fi ƙarfin talaka, kuma ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu fama da tamowa mai tsanani a wannan shekara. Abin da masu bincike suka gano daga baya shi ne, gidajen da ke da itatuwa a gona sun fi jurewa, domin sun sayar da itace da abincin dabbobi sun sayi hatsi, sun kuma ci ganye da 'ya'yan itatuwa kafin sabon gero ya nuna. Wato itace ya zama wani rumbu na biyu, wanda fara ba ta iya cinyewa a dare ɗaya.

A halin da ake ciki yanzu al'ummar Nijar ta haura miliyan 25, gonaki na ƙara tsukewa a wajen rabon gado, buƙatar itace da gawayi a birane na ƙaruwa, rashin tsaro kuma na hana wasu manoman kan iyaka zuwa gonakinsu. Bugu da ƙari, cimar birni ta karkata ga shinkafar da ake shigowa da ita daga Asiya, da taliya, da ɗanɗanon miya na kanti. Hatsarin dogaro da abincin nesa ya fito fili a lokacin tsadar abinci ta duniya a shekarar 2008, ya kuma sake fitowa bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, sa'ad da ƙungiyar ECOWAS ta rufe kan iyakoki da Nijar na tsawon watanni, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo. Hausawa kan ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Gero da wake da kuka da aduwa ba sa jiran jirgin ruwa, ba sa kuma jiran a buɗe kan iyaka, amma suna buƙatar ƙasa mai rai, ƙasar kuwa tana buƙatar itace.

Abin da tarihin Maraɗi da Damagaram ya nuna shi ne, dokar da ta raba manomi da itacensa ta kashe itacen, kuma ranar da aka mayar masa da shi, shi da kansa ya raya shi da gatarin da a da yake saransa. Saboda haka idan mai sauraro yana da gona a gida da 'yan'uwa ke nomawa, ba laifi in an yi waya a wannan bazara a tambaya ko kututture nawa aka bari a wajen sassabe.

To jama'a masu sauraro, a nan za mu dasa aya a shirin namu na yau. Muna maraba da wasiƙunku da tambayoyinku kamar kullum. Sai kuma mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.